Hutun Misbahu

Hajiya Salamatu ta gama yanke hukunci tun kafin baƙin biyu su ƙaraso bakin get. Namijin ne a gaba, cikin farar shadda da ta sha guga, hularsa zaune daram. Macen tana bayansa ta damƙe gefen rigarsa, hijabinta a baibai, silifas ɗinta kowace ƙafa da nata launin.

A garejin gidan Hajiya da ke Tarauni ake taron ƙungiyar masu kula da 'yan'uwansu masu taɓin hankali, duk ranar Asabar. Ita ta kafa ƙungiyar, ita ce shugaba, kuma ba a taɓa jin an yi zaɓe ba. Ta yi ritaya daga aikin gwamnati da yaƙinin cewa kallo ɗaya ya ishe ta ta karanta mutum. Dokarta ba ta da wuya: masu kula su shiga gareji su amayar da abin da ke cinsu, marasa lafiya su zauna a rumfar tsakar gida.

"Wane ne mai jinya a cikinku?" ta tambaya, don dai cika ƙa'ida.

"Ni ne, Hajiya," in ji namijin, ya ɗan rusuna. "Sunana Misbahu, daga Gyaɗi-Gyaɗi. Wannan ƙanwata ce, Indo."

Indo ta matso da jajayen idanunta, ta sassauta murya. "Hajiya, don Allah ina son magana da ke, mu biyu kawai."

"Za ki yi ta a rumfa," Hajiya ta ce, ba ta ko dube ta ba. Wasu mata biyu suka ɓamɓare yatsunta daga rigar yayan nata, suka ja ta gefe.

A gareji Misbahu ya yi bayanin da aka daɗe ba a ji mai tsarinsa ba. Indo ba ta barci, in ji shi, zama take yi a ƙofar ɗakinsa tana sauraren motsinsa. Ta kulle gida, ta ɗaure makulli a haɓar zaninta. Ta kori abokansa. Kwanan nan ma ya kama ta tana barbaɗa masa wani farin abu a koko.

Garejin ya ɗauki salati. Misbahu ya sunkuyar da kai, ya roƙi kada a ga laifinta, gajiya ce. Wannan haƙuri nasa ya ƙara tunzura matan, waɗanda kowacce ta bar wani a gida da take so, take kuma jin haushin tana son nasa.

Daga rumfa Indo tana ta faɗin abin da duk wanda aka zaunar a rumfar nan yake faɗa, wato lafiyarta ƙalau, shi ya sa ba wanda ya ɓata lokacinsa wajen saurare. Da ta ga haka sai ta miƙe za ta shiga da ƙarfi. Aka riƙe jakarta, ta fizga, zip ya yage. Wuƙaƙen kicin suka zube a kan siminti, har da almakashi da reza, an naɗe su a tsumma.

Daga nan ba a sake maganar tausayi ba. Aka danne ta a tabarma, ta gantsara wa wata cizo a dantse, aka ɗaure hannayenta da gyale. Wata dattijuwa da ke jinyar mijinta ta ce ita da tuni ta kai wannan inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa, ta huta.

Ƙungiyar tana da wata al'ada da Hajiya ke alfahari da ita fiye da komai, wato hutun yini. A riƙe mara lafiya har la'asar, mai kula ya fita ya sha iska, ba wanda zai tambaye shi ina za shi. Hajiya ta sanar cewa yau hutun na Misbahu ne.

Idanunsa suka ciko. Ya ce rabonsa da taka titin Zariya shi kaɗai har ya manta, kuma akwai mai kiransa a can bakin titi, ya daɗe yana kira.

"Je ka, ɗana, ka amsa masa," in ji Hajiya. Da hannunta ta zare sakatar get.

"Yaya! Yaya Misbahu, ka tsaya!" Indo ta ƙwala daga tabarma. "Ku rufe ƙofar nan! Motoci!"

Bai waiga ba. Hajiya ta mayar da sakata, ta ce a ba yarinyar ruwa idan ta gaji da haukan, sannan ta koma gareji aka ci gaba da tattauna muhimmancin sauraren juna.

Ana cikin haka Dakta Omolara ta iso, likitar ƙwaƙwalwar da kan leƙo taron idan aiki ya bar ta. Haihuwar Kano ce, ba ta buƙatar tafinta. Ta tsaya cak a tsakar gida, ta dubi wuƙaƙen, ta dubi gyalen.

"Indo? Wa ya ɗaure ki? Ina yayanki?"

"Mun ba shi hutu," Hajiya ta amsa daga ƙofar gareji, cikin muryar wadda ta saba a gode mata. "Bawan Allah ya jigata. Ni na tambaye shi da bakina, ya ce shi ne mai jinya."

Likitar ta riga ta durƙusa tana warware gyalen da sauri, ba ta ɗago ba.

"Ai bai yi miki ƙarya ba, Hajiya, jinyar yake yi, ni nake duba shi, kuma ni na ce wa Indo ta kawo kanta nan ko za ta samu masu taya ta tsare shi daga titi."