Takardar Wakilcin Kaka

Kaka ta bar wayarta a kan teburin cin abinci, kusa da kwalbar maganinta, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Matar da ko wanka za ta shiga sai da wayar a hannu.

Aku ta daɗe tana kallon wayar. Kaka ce ta laƙa mata wannan suna tun tana ƙarama, don babu muryar da za ta ji ba ta ɗauke ba. Ta taɓa sallamar mai gyaran famfo da muryar Kawu, ta taɓa ba kanta hutun makaranta da muryar Umma. Abin da ta iya ke nan a duniya, kuma har yau bai saya mata ko silifas ba.

Jibi za a yi wa Kaka aikin zuciya. Likita ya ce ta bar takardar wakilci, wato sunan mutum ɗaya da zai yanke magana a kan jinyarta da gidanta idan ta kwanta ba baki. Da safe, tana kurɓar shayi, ta faɗa yadda kowa zai ji cewa sunan babban ɗanta, Kawu, ta ba lauya, gobe za a kawo ta sa hannu.

Kawu kuwa tun makon jiya ya kawo wani mai tef ya auna tsakar gida, har da gindin lemon da Kaka ke shan iska. Wai fenti za a yi. Aku ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san ba a auna bishiya don fenti.

Ta sunkuci wayar ta shige kicin. Lambar tana nan a sama, an rubuta Lauya. Ta ranƙwafa kafaɗa, ta tauna leɓe kamar mai haƙoran roba, ta danna.

Wayar ta jima tana ƙara kafin a ɗauka. Mace ce, magana ta hanci, kowace kalma kamar an yi mata guga.

"Mama, ina wuni? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, 'yar nan," in ji Aku da muryar Kaka, har da ɗan tarin. "Na sake shawara. Goge sunan yaron nan, ki sa na ƙanwarsa."

"To, Mama. Sai dai aikina ne in tambaya. Ɗiyar taki za ta iya kallon yayanta ta ce masa a'a?"

Aku ta san amsar. Umma ko mai talla ba ta iya ce wa a'a, shi ya sa gidan ya cika da tsintsiya.

"Kin taɓa ambata mini wata jika," in ji lauyar. "Ita fa?"

Aku ta gyara riƙon wayar. Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta rage. Amma matsalar iya kwaikwayo ita ce, in ka ari bakin mutum sai ya zo maka da ra'ayinsa. Kafin ta ankara tsaki ya kufce mata, irin dogon nan na Kaka.

"Wa? Aku? Rufa mini asiri. Yarinyar da ta ƙona tukunya tana dafa ruwa? Ruwa fa, 'yar nan. An ɗauke ta aikin amsa waya, ta koma kwaikwayon manaja, shi kuma yana tsaye a bayanta. Makullin gida kuwa mun canza har mai makulli ya san ranar haihuwarta."

Aka yi wani ƙara a wayar kamar mutum ya shaƙe. Lauyar ta ce layin ne ba kyau, a ci gaba.

Aku ta ci gaba. Barcin rana, rashin kunya, saurayin da ta kora don ta kwaikwayi dariyar uwarsa a gabansa, ba ta rage komai ba. Ba a taɓa zaginta daidai haka ba, har idonta ya kawo ruwa.

"Gidan fa, za ta sayar?"

"Wannan? Ko an ɗora mata wuƙa. Ta fi kyanwa manne wa gidan nan. Ki sa uwarta dai, ni zan ja mata kunne."

"Na ji, Mama. Sai goben."

Aku ta goge kiran, ta mayar da wayar kusa da kwalbar. Ta wuni tana jin kanta rabi jaruma, rabi 'yar fursuna.

Washegari Kawu ya riga kowa zama a falo, sai ƙamshin turare yake, da biro sabo a aljihu. Umma tana raɓe a bakin ƙofa. Aka yi sallama, wani dattijo mai sanƙo ya shigo da jaka, ya gaida Kaka ya baje takardu.

Aku ta kawo masa ruwa, ta sunkuya ta tambaya a hankali ko ita lauyar tana tafe.

"Wace? Ni kaɗai ne a ofishina, 'yata." Ya juya wajen Kaka. "Mama, kin ce in bar gurbin sunan sai na zo. Wa zan rubuta?"

"Jikata. Waccan mai zubar da ruwa a kafet."

Kawu ya miƙe tsaye. "Mama, Aku fa? Yarinyar da ko..."

Kaka ta ɗaga masa hannu. Ta zaro wata ƙaramar waya daga zaninta ta ɗora a cinya, ta gyara zama, ta ɗan ɗaga haɓa, ta dubi Aku ta saman tabarau. Sai magana ta fito ta hanci, kowace kalma a goge:

"Jiya ta lissafa mini aibinta kaf a waya, ban ji na sayar da gida a ciki ba."