Ƙosan Susanna

Hamman bai tsaya neman takalmi ba. Ya ɗora 'yarsa Adawiyya a tsakiyar babur, matarsa Zulaiha ta tallafe ta ta baya, suka bar Duvu suka kama hanyar Mubi. Tun hantsi yarinyar take amai, har ba abin da ya rage a cikinta. Yanzu kanta lilo kawai yake yi a gadon bayansa.

"Tana numfashi?"

"Kai dai ja," in ji Zulaiha.

A asibiti suka tarar da wasu yaran makarantarsu kwance, iyaye mata na ta salati. Nas ta ɗaura wa Adawiyya ruwa, ta ce guba ce, irin maganin da ake sa wa hatsi don ƙwari. Hamman ya riga ya sani. Tun a gida, da ya sunkuya kanta ya ji wani wari kamar na tafarnuwa a bakinta, ya gane warin.

Amma ta ina? Waken gidansa a randa yake, cikin toka, yadda mahaifiyarsa take adana nata. Bai taɓa barin magani ya kusanci abin da iyalinsa za su ci ba.

Ya tuna Liyatu, malamar gona da ta zo daga Gella a lokacin kaka. A gindin mangwaro ta tara manoma, ta nuna musu wani buhu mai leda a ciki, wanda in an ɗaure bakinsa tam ƙwari ke mutuwa don rashin iska. Ta roƙe su su daina jefa ƙwayar magani a buhun wake. "Wanda ya sa guba a buhu, bai san bakin da za ta shiga ba," in ji ta. Wasu suka yi dariya, suka ce buhun nata tsada gare shi. Hamman bai yi dariya ba. Ya dai tashi da wuri, don mai mota yana jiran buhunan waken da zai kai masa birni.

Ihun Zulaiha ya katse masa tunani. Jikin Adawiyya ya sandare, idanunta suka juye. Nas ta tura shi waje, ta rufe ƙofa.

A waje ya ji abin da matan ke faɗi: duk yaran sun ci ƙosan Susanna, mai suya a bakin makaranta, wadda ake kira Maman Friday. Ga ta can zaune a ƙasa ba ɗankwali, mutane sun kewaye ta. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce ba sai sun zo ba.

Hamman ya kutsa ciki. "Maman Friday, me kika sa a ƙosan nan?"

"Allah ya sani ban sa komai ba. Ɗana ma ya ci, ga shi can a kwance."

"To a hannun wane azzalumi kika sayi waken? Faɗi sunansa! In 'yata ta mutu, ko ramin kura ya shiga sai na zaƙulo shi."

Susanna ta ɗago, ta dube shi kamar ba ta fahimci tambayar ba.

"Baban Adawiyya, ni ai tsoron waken kasuwa nake ji. Shi ya sa na tare motar a hanya, na roƙi direba ya sayar min da buhu ɗaya cikin naka. Kowa ya san kai ba ka sa magani."

Buhunan ne da Hamman ya zuba wa ƙwayar magani da hannunsa, yana ce wa kansa ai 'yan birni ne za su ci.