Mai Goge Littattafan Baba

Sau huɗu Bilyaminu yana girka manhajar musayar fayil a kwamfutarsa mai Linux, sau huɗu tana tsayawa a rabi. Tun hantsi yake zaune a shagonsa na Bodinga. Baƙaƙen tagogin rubuta umarni sun cika masa allo, duk kamarsu ɗaya.

Ba don nishaɗi yake shan wannan wahala ba. Gara ta cinye littattafan da marigayi babansu ya rubuta da hannunsa. Hotunan shafukan kaɗai suka rage, a kwamfutar ƙanwarsa Safinatu a Shagari. Tata manhajar lafiya lau take, da safe ma ya shiga kwamfutarta ta intanet, ta ɗaya daga cikin tagogin nan, ya duba yadda aka saita ta. So yake ya jawo kwafi na biyu, hankalin kowa ya kwanta.

Da haushi ya ishe shi, sai ya yi abin da gwanaye suka saba idan dabara ta ƙare: a share komai a sake. Ya ba da umarnin goge foldar littattafan, tunda guntaye ne kawai suka sauka a wajensa. Gogewar sai jan ƙafa take yi. Ya ɗora wa tsufan kwamfutar laifi.

Wayarsa ta yi ƙara. Safinatu ce, muryarta na rawa.

"Yaya, wani ya shigo min kwamfuta! Littattafan Baba na ɓacewa guda-guda, wallahi ban taɓa komi ba!"

Ya miƙe zumbur. "Nawa sunka rage?"

"Ukku... biyu! Yaya, mi za ni yi?"

Tunda yake, bai taɓa jin tsoro irin wannan ba. Wa ya san kalmar sirrin shiga kwamfutar in ba shi da ita ba? Zuciyarsa ta tafi kan Mode mai gyara, wanda ya canza mata batir a makon jiya. Ya ci alwashin sai ya kai shi gaban hukuma.

"Kashe intanet! Yanzu-yanzu, kak ki tsaya!"

Yana jin ta tana lalube, tana kuka.

"Na kashe. Abin ya tsaya. Guda yar rage, Yaya, guda tak."

Bilyaminu ya share gumi, ya juya ga allonsa. Gogewarsa ma ta tsaya cak, kuma a ƙarƙashinta layi ɗaya ya fito: haɗi da kwamfutar Safinatu ya yanke. Ashe a tagar da ya shiga kwamfutarta da safe ya rubuta umarnin.