Takardar da tsohuwa ta bar wa mai gadin iri

Yaya Shitu, ka ce in duba maka takardun bayanin nan na manhajojin kula da rumbun bayanai, in faɗa maka wadda ta isa a miƙa wa AI ya yi aiki da ita shi kaɗai. To wallahi na karanta su duka, kowacce ta yi min kyau, don ni na riga na san kayan. Na kai wa Kawu Jatau kukana, ka san shi tsohon malamin gona ne, ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ya ce wai shi AI ɗin, in ya rikice wa yake tambaya? Na ce babu kowa, takardar ce kawai a gabansa. Sai ya gyara zama ya ba ni wannan misalin.

Wai akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da mutane suka watse suka koma bakin titi, aka bar ta ita kaɗai da ɗakin irinta. Tuluna ne jere a ciki: gero, maiwa, dawa, riɗi, kowanne an cakuɗa shi da toka an liƙe bakinsa da laka. A can ƙurya akwai wani ɗan tulu na jan wake mai saurin nuna, wanda ta gada wajen uwarta, kuma duk yankin babu mai shi sai ita. To sai yanar ido ta rufe mata gani, aka ce sai an yi mata aiki a birni, za ta daɗe. Ta samo wani baƙo, masunci ne da kogi ya ƙafe musu, mutum mai amana, amma bai taɓa ajiye iri ba a rayuwarsa. Ta sa aka rubuta masa komai a takarda: sunan kowane tulu, inda yake, ranar share ɗaki, yadda ake korar ɓera. Har ta ɗauki takardar ta kai kasuwa, aka karanta wa tsofaffin maƙwabtanta su uku. Duk suka ce ai Iya ba ki bar komai ba. Ka ga su kuwa tare suka tashi da ita, duk inda takardar ta yi tsalle, kansu ne yake cike gurbin ba su ma sani ba.

Ta tafi. Baƙo ya zauna shi kaɗai, daga shi sai kukan kurciya. A takardar akwai layin da ya ce duk sati biyu a duba irin, a tabbatar ƙwaro bai shiga ba. Ranar farko ya tsaya gaban tulunan, ga su a liƙe ƙam. Ya juya takardar, bayanta fari. Ya fito ƙofa ya duba gabas ya duba yamma, babu ko mai kiwo, gida mafi kusa tafiyar rabin yini ce. Ita tsohuwar, yadda take yi shi ne ta kara kunnenta a jikin tulu, ta ɗan ƙwanƙwasa, ta saurara ko za ta ji motsi a ciki. Ba ta taɓa fasa liƙi kafin ruwan shuka ya sauka ba, don da an fasa iska ta shiga, ƙwaro ya samu hanya. Shekara hamsin tana haka, har abin ya zama mata kamar numfashi, wa zai tuna ya rubuta numfashi? Shi kuwa bawan Allah ya ɗauko wuƙa ya ɓanɓare lakar a hankali, ya leƙa, ya ga iri lafiya, ya ɗora faifai ya rufe. Bayan sati biyu ya sake. Bai taɓa tsallake rana ba, don kada a ce ya ci amana.

Wata huɗu ta dawo, ido ya buɗe tangaran. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce ƙurya. Ta ga faifai a bakin ɗan tulun. Ta zura hannu, ta ɗebo, sai gari da ɓawo da ƙwari suna bin yatsunta. Ta zuba a tafin hannu ta tona ko za ta sami ƙwaya ɗaya mai rai. Babu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a ƙasa ta ce, “Malam, karanto min takardar nan daga farko.” Ya karanta. Tana jiran ta ji inda aka ce kada a buɗe, har ya kai ƙarshe. Ta ce, “Shi ke nan?” Ya ce, “Shi ke nan, Iya.”

Kawu ya ce in daina karanta takardun nan da idon ɗan gida. In nemi wajen da kuskure ɗaya zai shafe abin da ba ya dawowa, kamar goge bayanan mutane, in ga ko an faɗi yadda ake yi, an kuma faɗi abin da ba a taɓawa. Na koma na duba haka, Yaya, cikin guda biyar ɗaya ce kawai ta faɗa. Sauran sun jero sunayen tuluna tsaf, sun bar baƙo a bakin ƙofa shi kaɗai. Kuma ba mugunta ba ce, waɗanda suka rubuta sun sani, a kansu abin ya tsaya. Hausawa dai sun gama magana: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.