Sai Kin Dawo Daga Masar

Saude maƙwabciyata ce ta fara gaya mini wai a Masar ana gyara fuskar da ta ƙone. 'Yata Ummussalma, ruwan gumin shinkafa ne ya kwaro mata a kunci. Masu inshora suka ce aikin kwalliya ne, ba sa biya.

Rilwanu mai neman Ummussalma ya zo zaure wurinta, na kai musu ruwa.

Ya ce, "Na jinginar da gonata ta fadama don kuɗin zuwanki Masar. In kin dawo sai a sa rana."

Ta ce, "In fuskar ba ta gyaru ba fa, Yaya Rilwanu?"

Ya sunkuyar da kai, yana ta murza hula.

Ta ce, "Je ka karɓo gonarka."

Ni dai na ce Allah ya zaɓa. Ga ta can tana shanya gumi.