Kunama a Aljihun Shadda

Sallau, tun ɗazu nake jin ka kana cika baki, wai ka sallami magini don ya ce ginshiƙin da kake so ya yi siriri. Har da cewa gidan naka ne, ba nasa ba. To gyara zama in ba ka misali, don raina ya ɓaci kuma ba zan ɓoye maka ba.

An yi wani jami'in tsaro na farin kaya, irin waɗanda ba sa saka kaki, aiki ya sa suke yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye. Tasa ba ta fi tafin hannu ba. A aljihun kaftani na dama take wuni, kuma kullum a ɗane. Mahaifinsa, wani tsoho mai sanyin hali, shi ya matsa masa ya je wurin wani baduku, aminin tsohon, a ɗinka mata kube, don hankalinsa ba ya kwanciya da ƙarfe tsirara a aljihun ɗansa. Da ƙyar ya je. Baduku ya sa aka cire harsasai, ya jujjuya ta a hannu, ya auna bakin aljihun da yatsu, ya ce a dawo bayan kwana uku. Ya sassaƙa itace daidai girmanta, ya samo ƙirgi mai kauri, ya jiƙa shi ya matse a jikin itacen har ya bushe ya ɗauki siffa. Ya juyo da ɓangaren kaushi waje don ya kama yadin aljihu, in an zaro bindiga kube ya tsaya a ciki. Abin da ya fi ɓata wa lokaci kuwa shi ne bakin kuben, ya ɗaga shi har ya rufe kunama ruf, wato ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja harsashi ya fita.

Gogan naka ya dawo, ya zura kube a aljihu, ya dubi gefensa, ya yamutsa fuska. Wai ya yi tudu, ya ɓata masa zubin shadda. Ka ji fa, zubin shadda! Shi jar fatar akuya yake so, mai laushi, a yi mata zane, kuma a rage bakin yadda yatsansa zai tarar da kunama da zarar ya sa hannu. Baduku ya ce, "Bari, ɗana. Ba a barin kunama a buɗe a aljihu. In ba ta harbe ka ba, za ta harbi na kusa da kai." Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, shekarata goma sha biyar da bindiga. Kai ko ta toka ka taɓa harbawa?" Baduku ya ce, "Bindiga taka ce, fata tawa ce. Wannan aikin dai ba da basillata ba." Wallahi jefar da kuben ya yi a kan tabarma, a gaban sa'an ubansa, ya tsallaka wata rumfa inda ba a musu da mai saye. A can aka yi masa yadda yake so, har da ɗan tuntu a gindi.

Wata biyar abin yana tafiya daidai, yana ma ba da labarin baduku a majalisa ana dariya. Amma aljihun Bahaushe ba ya zama da abu ɗaya. Yau makulli, gobe goro, kullum carbi. Ran nan bayan sallar la'asar ya fito daga masallaci, ya jefa carbinsa a aljihun dama ba tare da tunani ba, ya zo ƙofar gida ya zauna a tabarma. Mahaifinsa yana damansa, inda ya saba zama, ya miƙe ƙafafu yana ɓare gyaɗa. Can ya tuna bai ƙarasa lazimi ba, ya sa yatsa biyu ya jawo carbi. Ya ji ya maƙale. Maimakon ya duba, sai ya fizga. Zaren carbin ashe ya zarge kunamar da ya ce a bar masa a buɗe. Ƙarar ta tayar da tantabarun unguwa. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, shaddar ce kawai ta huje. Harsashin a cinyar tsoho ya shiga, ya tsinke babbar jijiya, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

A zaman makoki kowa ya zo sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni wannan maganar ita ke ƙona min rai. Kwana ya ƙare, wannan gaskiya ne, ba mai ja da hukuncin Allah. Amma an faɗa masa, da baki, da rana tsaka, wanda ya san fata ya faɗa masa, ya zaɓi kwalliyar riga. A rana ta uku baduku ya zo ta'aziyyar amininsa, yana dogara sanda. Ya durƙusa a gaban jami'in, ya yi addu'a, ya ce, "Sannu, ɗana. Allah Ya ba da haƙuri." Jami'in nan da bai taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba ya kasa ɗago ido, ya kifa fuska a gwiwa yana kuka kamar ransa zai fita.

Saboda haka, Sallau, tashi ka je ka ba maginin nan haƙuri tun iyalinka ba su tare a ƙarƙashin wannan ginshiƙin ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.