Kufan Dakwat

Tabitha ta gama auna jinin Malam Almu, sannan ta zaro wata takarda daga aljihun rigar aikinta.

Sati uku ke nan yana kwance a asibitin Whitechapel. Gwamnati ce ta turo shi aikin zuciya a shekarar 1977, lokacin da kuɗin mai ke kai tsofaffin ma'aikata Landan magani. A duk ɗakin majinyatan, wannan nas 'yar Filato ce kaɗai ke jin Hausa. Ita ke kawo masa tuwo daga gida, ita ke nuna masa alƙibla.

"Baba, an ce kana karanta ajami."

Tun da aka ƙirƙiro sabbin jihohi, danginta ke neman hujjar cewa ƙauyensu, Dakwat, ya taɓa zama gari. Ranakun hutunta duka a ɗakin adana tsofaffin takardu suka ƙare. Ta bi iyakar lardi taswira bayan taswira, har ta samo hoton shafin ƙidayar 1931.

Malam Almu ya karɓa. Rubutun ya dushe, amma bakinsa na riga idonsa. Ya karanto ƙauyuka goma sha shida da yawan mutanensu, sai ya tsaya.

"Dakwat," ya ce a hankali. "Kufai. Ba kowa."

Tabitha ta zauna a bakin gado. Ashe saboda wannan layin ne Bature ya ja iyaka, ya ba gundumar maƙwabta ƙasar. Gida arba'in aka tasa. Kakarta ta rasu a hanya, mahaifinta yana goye a bayanta.

"Baba, akwai sunan wanda ya rubuta?"

Ya daɗe yana kallon ƙasan shafin.

"Ya goge, 'yata."

Ta yi godiya, ta gyara masa matashi, ta ce gobe miyar kuka za ta kawo. Da ta fita, ya juya fuskarsa bango.

Sunan bai goge ba. Sunansa ne, shi ya rubuta da hannunsa yana malamin ƙidaya ɗan shekara ashirin, ranar da rafi ya cika ya ji tsoron ƙetarewa, ya zauna a wannan gaɓar ya rubuta kufai, yana hango hayaƙin girkin matan Dakwat.